Takalmi Mai Wuƙa a Rumfar Malam Badamasi

Duk wanda ya girma tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, in ya sunkuya ya dubi ƙafarsa, da wuya a ce ba ta taɓa ratsawa ta hannun Malam Badamasi Mai Takalmi ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana zaune a rumfa guda, a bakin titin da ke shiga kasuwar Dutsin-Ma, kuma a faɗarsa bai taɓa ba ɗan Adam takalmin da ya matse shi ba. Wannan magana gaskiya ce. Ko wanda suka yi cacar baki da shi jiya zai shaide shi a kanta.

A Kurfi aka haife shi, a gidan dukawa. Mahaifinsa na ɗinka takalman fata da kube da gafaka, shi ma ya riƙe basilla tun bai san ciwon kansa ba. Sai dai tun da wuri aka gane idonsa ya fi hannunsa. Ɗinkinsa na karkacewa, amma in mutum ya tako daga nesa, kafin ya yi sallama Badamasi ya gama karanta ƙafarsa. Da takalman roba suka cika gari, ya aje basilla ya koma saye da sayarwa. Da gwanjo ya zo, ya tare shi hannu bibbiyu. Ya auri Mairama, ya gina ɗaki biyu a Dutsin-Ma, suka zama huɗu, ya aurar da 'ya'ya mata uku, kowace da takalmin da ya zaɓa mata da kansa. In ka tambaye shi yaushe aka yi abu kaza, ba ya kawo maka shekara da lamba. Sai dai ya ce, "Ai lokacin ba a daina yayin mai tsini ba."

Abin da ya ɗaukaka shi kuwa kara ne. Mutanenmu ba su cika kawo ƙafa kasuwa ba. Matar gida tana cikin gida, tsohuwa tana Birchi, 'ya'ya suna makaranta. Sai maigida ya samu sillen kara, ya gwada daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, ya karya daidai nan, ya jefa aljihu. Ranar Laraba za ka ga magidanta daga Kuki da Dabawa suna zazzage karare a gaban Malam Badamasi kamar masu neman a yi musu duba. Shi kuwa sai ya ɗauki kowane, ya zura cikin takalmi har ya tokare gaba, sannan ya sa yatsunsa biyu a bayan karan. In yatsu biyu suka shiga suka zauna, takalmi ya yi.

"Ɗaya na girma ne, ɗaya na kumburi," haka yake cewa.

In aka ce masa ai mai ƙafar ta ba sittin baya, ina sauran girma, sai ya ce, "Ƙafa ba ta gama girma sai ran da aka daina taka ta. Kai dai kai mata, ta sa mini albarka."

Haka duniya ke tafiya lafiya lau har shekara takwas da suka wuce, ran da wani mutumin Filato mai suna Julius ya kama shago a tsallaken titi, daidai saitin rumfar Malam Badamasi. Matarsa Felicia ce aka turo aikin jinya garin, shi kuma ya biyo ta da sana'arsa. Ya taɓa aiki a wani kantin kayan wasanni a Legas, don haka ya zuba takalman ƙwallo da na gudu, ya kafa madubi a ƙasa don mutum ya ga ƙafarsa, ya kuma ajiye wani ƙarfe mai lambobi da ake ɗora ƙafa a kai, a ja wani abu ya tokare yatsa.

Da Julius mugun maƙwabci ne, da abin ya zo da sauƙi. To ina! Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ba ya buɗe shago sai ya tsallako ya rusuna ya gaida "Baba Malam". In Kirsimeti ta zo, ga kwanon shinkafa da kajin da ya kai wa Sabitu mahauci ya yanka. In wani ya shiga neman takalmin Sallah na fata, sai ya nuna masa tsallake ya ce can ne wurin masu abin. Mutum ya rasa ta inda zai kama shi. Sai Malam Badamasi ya kama ƙarfen.

"Ƙafar ɗan Adam ce za a ɗora kan sikeli kamar tsokar rago?" yakan ce wa Sabitu, wanda teburinsa na nama ke gefen rumfar, kuma tare suka yi furfura.

"Kai dai faɗi gaskiya, Sarkin Ƙafa. Madubin nan ne ya tsone maka ido."

"Ni? Me zan yi da madubi? Ƙafa ta ce maka kwalliya za ta yi?"

Amma duk mai shiga shagon, Malam Badamasi na ganinsa ta wutsiyar ido, ya kuma san ɗan gidan waye, har da lambar ubansa. Duk da haka abin na haɗiyuwa, don yawancinsu 'yan jami'a ne, baƙin ƙafafu. Ƙafa ɗaya ce dai ko a mafarki bai taɓa zaton za ta tsallaka titin nan ba: ta Sirajuddeen.

Sirajo ɗan amininsa ne, marigayi Malam Zaharaddin na Kurfi. Karan farko da aka karya a ƙafarsa, wanda bai fi tsawon yatsa ba, Malam Badamasi aka kawo wa. Shi ya sa masa takalmin shiga firamare, da na sakandare, da wanda ya tafi bautar ƙasa da shi. Ran da mahaifin ke jinyar ajali ya ce, "Ga Sirajo nan," Malam Badamasi ba shi da wata gona ko mota da zai riƙe amana da su, sai ya riƙe ta ta inda ya iya: daga idon sawu zuwa ƙasa. Yanzu Sirajo ya zama saurayi ɗan shekara ashirin da takwas, malamin motsa jiki a wata makaranta a Kurfi, kuma bai taɓa sa takalmin da ba daga rumfar nan ya fito ba.

Sai ga yayin takalmin taya ya shigo gari. 'Yan jami'a suka fara, da yamma ka gan su suna sulalewa a kan kwalta kamar an shafa musu mai a tafin ƙafa. Sirajo, da yake tun asali bai iya tafiya a hankali ba, ya faɗa ciki. Ya ari wani tsohon takalmin taya a hannun abokinsa, ya goge kwaltar Kurfi da gwiwoyinsa har ya iya, har ya tara matasa yana koya musu. Da takalmin ya yage, wata Laraba ya sauko daga mota, ya gaida Babansa Badamasi kamar kullum, sannan ya ce bari ya ɗan leƙa tsallake ya tambayi wani abu.

Malam Badamasi na zaune ya ga abin da idonsa. Ya ga Sirajo ya zauna a bencin Julius. Ya ga ya cire takalmi, takalmin da shi ya zaɓa masa. Ya ga Julius ya durƙusa ya kama dunduniyar nan da hannu biyu ya ɗora ta kan ƙarfe. Wani bafulatani na tsaye da kara a hannu yana ta kwaɗa sallama, sai da Sabitu ya buga wuƙa a tebur kafin Malam ya dawo hayyacinsa. Ran nan ko furarsa ta azahar bai taɓa ba. Abu ɗaya ya cece shi: Julius ba shi da na taya mai kyau a lokacin, ya ce wa Sirajo sai an aiko masa daga Legas.

Bayan mako biyu aka sauke wa Malam Badamasi dilar gwanjo daga Kano. Yana warewa, can ƙasa sai hannunsa ya ci karo da wani abu mai sanyi da kaifi. Ya jawo. Takalmi ne baƙi, mai tsawo har ya rufe idon sawu, jikinsa da tauri kamar hular kwano, amma a ƙasansa, inda ya kamata a ga tafi, an kafa wata doguwar wuƙa. Ya sake laluba ya fito da 'yan uwansa. Na mutum biyu ne, babba da ƙarami. An rubuta goma a jikin babban, takwas da rabi a jikin ƙaramin.

Kafin ka ce kwabo an taru. Sabitu ya gwada kaifin a farcensa ya ce, "Wanga ai na mahautan Turawa ne. Su da ƙafa suke datsa nama." Wani direba ya rantse na sojoji ne. Wani dattijo daga Dabawa ya ce in za a ba shi aro ya gwada yankan gero da shi, ya huta da sunkuyo.

Malam Badamasi ya juya shi, ya sake juyawa, ya shinshina. Shekara talatin ba a taɓa kawo masa takalmin da bai san sunansa ba. Sai ga murya daga bayan taro.

"Kai! Baba Malam, ina ka samo wannan?" Julius ne ya tsallako, baki har kunne. "Takalmin ƙanƙara ne. A ƙasashen sanyi ruwa na daskarewa ya zama fili, sai su sa wannan su riƙa sulalewa a kan wuƙar. Wasa suke yi, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan faifan roba zuwa raga."

"Halan a Jos ɗinku haka kuke yi?" in ji Malam, ba tare da ya dube shi ba.

"Sanyinmu bai kai nan ba, Baba. A kantin da na yi aiki na gan shi. Amma ka san wani abu? In aka cire wuƙar aka ɗaura taya, babu takalmin tayar da ya kai shi ƙarko. Abin da Sirajo ke nema ke nan."

Jama'a suka juya suna kallon Julius suna gyaɗa kai, a gaban rumfar Malam Badamasi, a kan takalmin Malam Badamasi. Abin ya soke shi, amma ƙarshen maganar ya sanyaya masa rai. Abin da Sirajo ke nema, a rumfarsa yake, ba a tsallake ba.

Laraba na zagayowa Sirajo ya iso, don labari ya riga ya kai Kurfi. Malam ya zaunar da shi, ya karya sabon kara a ƙafarsa a bainar jama'a, yana yi a hankali da gangan don na tsallake ya gani da kyau. Ya zura karan a ƙaramin takalmin, da ƙyar yatsa guda ya shiga bayansa. Ya ture shi gefe. Ya zura a babban, yatsu biyu suka shiga har suna juyi.

"Ga naka, ɗana."

Na tsallake kuwa ya gani da kyau ɗin, har ya iso.

"Baba Malam, a yi mini haƙuri in ce wani abu."

"Kasuwa ce, kowa ma na magana."

"Wannan ba kamar sauran takalma ba ne, ba a bar masa wuri. Lambarsa ma daban take: mai sa goma a takalmin yawo, takwas da rabi yake sawa a wannan. So ake ya kama ƙafa kamar an yi mata ɗori. Yatsu su riƙa shafar gaba in mutum ya miƙe, dunduniya kuwa kada ta ɗaga ko kaɗan. In ƙafa na yawo a ciki, taya za ta bi hanyarta, ƙafa ta bi tata. Ƙaramin ne nasa, Baba. Na auna shi, a lambar da muka saba arba'in da uku ne, wato goma ke nan a tasu."

"Arba'in da biyar ne."

"Ai ƙarfen ya nuna..."

"Ƙarfen ne ya sa mashi takalmin shiga aji ɗaya? Kana ina sa'adda ƙafar nan take kamar ɗan tsako? Yau ni za a ce in cusa ɗan Zaharaddin cikin takalmi kamar an sa akuya a buhu?" Ya juya. "Sirajo, kai ke da ƙafa. Wanne?"

Sirajo ya dubi ƙaramin. Ya dubi Julius. Ya dubi farin gemun aminin mahaifinsa, da jama'ar da suka zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai.

"Wanda ka zaɓa, Baba."

Julius ya gyaɗa kai. Shi ne ma ya karɓi babban ya kai shagonsa, ya cire wuƙaƙen, ya ɗaura tayoyin tsohon takalmin Sirajo, noti bayan noti, ya dawo da shi kafin la'asar. Wannan ma ya ba Malam haushi. Mutum a kayar da shi, ya ƙi ko ɓata rai!

Larabar farko Sirajo ya zo, aka tambaye shi, ya ce, "Ya yi daidai, Baba." Malam ya sa shi ya maimaita da ƙarfi, wai kunnensa ya fara nauyi. Ta biyu ma haka, sai dai yana takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya, ya ce gajiyar makaranta ce. Ta uku bai zo ba. Direban motar Kurfi ya ce ai Sirajo na gida, ƙafa ta kumbura, wai babur ne ya faɗo masa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Badamasi ya hau motar Kurfi da ledar lemo a hannu. Ya tarar an fita da Sirajo wurin mai ɗori. Hajiya Kubra, mahaifiyarsa, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa suka gaisa. Suna cikin jajanta babur sai idonsa ya faɗa kan takalmin, an jingine shi a lungu. Mai sana'a ba ya ganin kayansa ya ƙyale. Ya jawo, ya zura hannu.

Ya fito da safa. Ya sake fito da wata safar. Ya fito da soson katifa da aka yanka daidai dunduniya, da ɗigon jini a jikinsa. Can gaba, a wurin yatsu, tsofaffin takardun darasi ne a cukuikuye.

"Hajiya," ya ce, "wane irin babur ne wanga?"

Hajiya Kubra ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Babu wani babur, Malam. A gangaren nan na fita gari ya zo karya kwana, takalmi ya juya, ƙafa ba ta juya ba. Targaɗe ne, an gode Allah. Dunduniya kuwa duk bororo."

"To me ya hana shi faɗa mini?"

"Kara ya yi maka."

"Ni na yi mashi kara, Hajiya. Da hannuna na karya shi."

"Ba wannan karan ba, Malam, na kunya. Ya ce gara ƙafarsa ta kumbura da ya ƙaryata ka a gaban kasuwa."

Malam ya sake duban soson da ke hannunsa. Hajiya Kubra kuwa, da ta ga an riga an buɗe tukunya, sai ta ga gara a kwashe.

"Tun da dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi." Ta zare takalminta ta turo masa da ƙafa. Na Sallar bara ne, shi ya zaɓa. Ya leƙa ciki. Auduga ce dunƙule a gaba, ta yi baƙi don daɗewa. "Marigayi da kansa ya koya mini. Ya ce Badamasi mutumin kirki ne, a sa auduga. Rabin Kurfi haka muke. Ai ba ya ciwo, Malam, ɗan jan ƙasa ne kawai, kuma mun saba. Wanga na tayar ne dai bai san kara ba."

Da zai tafi ya rataya takalmin a kafaɗa, ya ce zai je ya duba shi. Yana isa gida, ko hula bai cire ba, ya tsaya a kan Mairama tana tankaɗe.

"Ke ma auduga kike sawa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Allah ya kiyaye. Ni tsumma nake sawa, auduga na saurin kwanciya."

Kwana da kwanaki yana juya abin. Ba audugar ce ta fi cinsa ba. In za a faɗi gaskiya, ba ma ƙafar Sirajo ba ce, tunda an ce kumburin ya fara sacewa. Abin da ke cinsa shi ne na tsallake ke da gaskiya, kuma in ya amsa, da hannunsa zai miƙa ƙafar da aka bar masa amana. In ya ƙi amsawa kuwa, ya san halin Sirajo. Yana warkewa zai zo ya karɓi takalminsa, ya ce ya yi daidai, ya ƙara safa ta uku ya koma gangare.

Sai da aka yi mako uku Sirajo ya dawo kasuwa, sanye da silifa. Malam bai bari ya gama gaisuwa ba. Ya jawo takalman nan duka daga ƙarƙashin tebur, babban da ƙaramin, ya rataya a kafaɗa, ya kama hannun Sirajo.

"Ina zuwa, Sarkin Ƙafa?" in ji Sabitu.

"Shan iska."

Shekara takwas, ran nan ya fara tsallaka titin. Shagon bai kai girman da yake zato ba, kuma madubin ya tsage daga gefe. Wannan ya ɗan faranta masa rai. Julius ya miƙe da sauri ya ba shi kujera.

"Ga shi nan," in ji Malam, yana kallon rufi. "Na sake dubawa, na ga ƙaramin zai fi. Sa mashi irin yadda kuke yi."

"Ai ka fi mu sani, Baba Malam."

Malam ya dube shi da sauri ko zai ga dariya a gefen bakinsa. Babu. Ko wannan ɗan abin kamawar bai samu ba.

Julius ya cire wuƙaƙen ƙaramin, ya mayar da tayoyin kansa, sannan ya ɗora shi a kan kwanon rumfar shago, a tsakiyar rana. Ya ce so yake ya ɗan yi laushi ya ɗauki siffar ƙafa. Wai su can a tanda suke gasawa, mu kuwa Allah ya ba mu kyauta. Kafin ya yi ɗumi ya zaro shimfiɗar cikinsa ya aje a ƙasa, ya ce Sirajo ya taka. Yatsu suka zo daf da baki, ba su wuce ba. Ya ba shi safa guda, marar kauri. Ya sauko da takalmin, ya sassauta igiya har ƙasa, Sirajo ya zura ƙafa ya tura ta gaba iya turawa.

"Baba, zo ka sa yatsa a bayan dunduniya. Ɗaya kawai."

Malam ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya miƙa biyu bisa sabo, ya naɗe ɗaya. Da ƙyar ya shiga.

"Ya matse."

"Haka ake so."

Julius ya sa Sirajo ya buga dunduniya a ƙasa ta koma mazauninta, ya fara jan igiya daga yatsu zuwa sama, rami bayan rami. Malam na tsaye a kansa, yana bin hannun nan da ido kamar kazar da aka ɗaukar wa ɗan tsako. Da aka zo ƙafar hagu ya kasa daurewa.

"A hankali da ƙaramin yatsa. Taɓarya ta taɓa faɗa mashi yana shekara shida, ya ɗan fito waje."

Julius ya lalluba. "Wallahi kuwa, ga shi." Ya cire takalmin, ya sa ƙotar guduma daga ciki ya danna wurin tun da sauran ɗumi, har ya ɗan buɗe. "Wannan ƙarfe bai gaya mini ba."

"Ina zai sani," in ji Malam, ya gyara zaman hularsa.

"Miƙe, Sirajo. Yatsu na taɓa gaba?"

"Suna shafa."

"Lanƙwasa gwiwa."

"Sun ja baya."

"Ɗaga dunduniya."

"Ba ta motsi."

Sirajo ya fita kan kwalta. Ya tura sau ɗaya, sau biyu, sai ga shi ya wuce kamar an harba kibiya. Ya je bakin tasha ya karya kwana a tsaye, takalmi da ƙafa suka juya tare, ya dawo da baya da baya. 'Yan kasuwa suka ɗauki sowa. Wani daga layin masu tumatir ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Julius ya iya aiki!"

Malam Badamasi ya tsallaka ya koma rumfarsa.

"Ya iskar?" in ji Sabitu.

"Da ƙura. Kuma ni na zaɓa mashi, in ba ka sani ba."

"Na sani mana. Duka biyun ma kai ka zaɓa."

Laraba ta gaba Sirajo ya taho daga tasha a kan tayoyinsa, ya kama dirkar rumfar Malam don ya tsaya, har takalman da ke rataye suka yi rawa. Ya gaida Babansa, ya ce na yawonsa ya tsufa, yana son sabo. Malam ya daɗe yana bincike a cikin buhu kafin ya fito da wani ruwan ƙasa.

"Arba'in da huɗu ne. Na rage maka ɗaya, kada ka saba."

Sirajo ya kwance igiya ya gwada, ya taka gaba, ya taka baya.

"Ya yi daidai, Baba."

Malam ya ƙura masa ido. Ya dubi ƙafar, ya dubi fuskar, ya sake duban ƙafar. Shekara talatin yana jin kalmar nan daga bakin mutane, bai taɓa tsayawa ya auna ta ba, yau kuma ya rasa da me zai auna. Ya dai naɗe takalmin a leda ya miƙa masa.

Sirajo ya mayar da na tayarsa, ya ce bari ya ɗan leƙa tsallake a ɗiga wa tayoyin mai. Malam ya ce ya je mana, wa ya hana shi. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge wani takalmi da ya riga ya goge da safe.

"Sabitu."

"Na'am."

"Tun yaushe ya shiga?"

Sabitu ya leƙa. "Ai ko zama bai yi ba tukun."

"Ya daɗe," in ji Malam Badamasi.